Gazuwal a Rijiyar Kawu

A gidan kawuna na tashi, a Gure. Mahaifina ya rasu ina goye, da mahaifiyata ta sake aure can wajen Alakos cikin makiyaya, sai wanta ya ce a bar masa ni. Sunan kakata aka sa mini, wato mahaifiyarsa, don haka bai taɓa kama sunana ba. Uwata yake ce mini, tun ina rarrafe har na haifi nawa 'ya'yan. Matarsa ita ta goya ni, ita nake ce wa Inna.

Garka ce sana'arsa. Tasa tana bakin kwarin da ke gefen gari, a gindin wani dogon tudun rairayi. In kana kan tudun ba abin da kake hange sai kawunan dabino, sai ka gangara iska ta sauya, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya tare ka. A kwari ruwa ba shi da nisa, amma ba kowane ruwa ke shayuwa ba. Rijiyoyin tsakiya kanwa ta yi musu yawa, sai dai a ba dabbobi. Ta Kawu kuwa, da yake a bakin tudu take, ruwanta garau yake kamar na sama. Shi da mahaifina suka gina ta suna samari, tun kafin a yi zancen auren mahaifiyata. Maƙwabtan garka a nan suke ɗibar ruwan shayi, mu ma kullum da yamma sai an ɗora wa jaki bido, wato jarkokin ruwa, an kai gida, don famfon gari ba kullum yake kawowa ba.

Cikin fangalin albasa da salati da shu, wato kabeji, na yi ƙuruciyata. Na ja jigo kafin Kawu ya sayi injin ban ruwa, na buɗe wa fangali hanya da ƙafata na toshe da ƙafata. Na dame shi da tambayar inda ruwan yake fitowa, tunda kullum ana ɗiba ba ya ƙarewa. Yakan ce daga wurin Allah, in ina son ƙari in tambayi mushenmu, malaminmu na lekwal, makarantar boko. Haka na yi ta tambaya, daga lekwal ɗin Gure zuwa Damagaram, har Yamai, inda na karanta ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Da na gama na samu aiki a wani ƙaramin biro, wato ofis, mai zaman kansa. Aikinmu ba kowa ya san da shi ba. In mutum zai sayi tsohuwar masana'anta, ko gidan mai, ko garejin manyan motoci, banki ba ya sakin hannu sai an duba abin da wurin ya sha a shekarun baya: ko mai ya tsiyaya, ko wata guba ta shiga ƙasa, ko ta kai ga ruwa, kuma wa za ta iya cutarwa. Mu ake kira mu duba. Kawu bai taɓa gane aikin duka ba, in an tambaye shi sai ya ce uwarsa lokotoro ce, wato likita, amma ta ƙasa.

A kan wancan tudun, bakin babbar hanya, akwai wani tsohon depo inda a da manyan motoci, kamiyo da sitarni, ke tsayawa su sha gazuwal, wato man dizal, a yi musu gyara kafin su nausa gabas. Mai shi wani Alhaji ne, aminin Kawu tun makarantar allo. Tun ina yarinya, in an yi la'asar Kawu kan wanke ƙafa, ya ɗauki ɗaurin salati ko 'yan tumatir, ya hau tudun ya zauna da Alhaji a benci ƙofar depo har a kira magariba. Ba wata doguwar hira suke yi ba, motoci suke kallo, wani lokaci ɗaya ya faɗi magana ɗayan ya amsa bayan an manta da ita. Daga baya aka buɗe sababbin gidajen mai cikin gari, idanun Alhaji suka yi rauni, depo ya mutu. Zaman bencin dai bai mutu ba.

'Ya'yan Alhaji suka samu mai saye, wani ɗan kasuwa daga Damagaram da ke son kafa injin abincin dabbobi a wurin. Bankinsa ya nemi a duba filin, aikin ya faɗo biro ɗinmu, shugabanmu kuma ya ce tunda ni 'yar Gure ce ni zan tafi. Na yi murna ƙwarai. Rabona da gida an daɗe, ga shi zan je da motar aiki da kayan aiki, Kawu ya ga abin da nake yi da idonsa.

Da bazara muka isa, ni da wani abokin aikina da masu injin foraj na huda ƙasa da muka ɗauko a Damagaram. Kafin mu taɓa komai na je gaishe da Alhaji, don a aikinmu da tambayar mai wuri ake farawa. Ya gane muryata tun daga bakin zaure, ya yi ta godiya ga Allah da 'yar gida aka turo ba baƙo ba. Na tambaye shi labarin tankunan. Ya ce na ƙarfe ne, an binne su tun yana da ƙarfinsa, ba a taɓa tono su ba. Na tambaya ko gazuwal ya taɓa yi masa giɓi. Ya ce wani lokaci in an zura sandar awo yakan ga ya ɗan ragu, amma kowa ya san zafin Gure, shi ke shanyewa. Da zuciya ɗaya yake faɗa. Ni kuwa na san tankin da ke binne zafi ba ya shan abin cikinsa haka.

Muka fara huda ƙasa kewaye da tankunan. Da farko rairayi ne ja mai tsabta, irin wanda muke wasa da shi muna yara. Da ƙarfen ya ƙara nitsewa sai ya soma fitowa toka-toka, daga nan baƙi, in ka murza a yatsa ya bar maiƙo. Ba sai an kai labo, ɗakin gwaji, ba, hanci ya isa. Masu injin suka ja rawani suka rufe fuska. Da muka kai ga ruwa muka zura bututu muka bar shi ya kwanta. Washegari na saki siririyar kwalbar da muke ɗiba da ita, na jawo igiyar a hankali. Ta fito da ruwa a ƙasa, gazuwal kwance a sama kamar mai a kan miya.

Wannan kaɗai bai ruɗa ni ba, na sha gani a wasu wurare. Abin da ya rage shi ne sanin inda ruwan ya dosa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ma tafiya yake yi, sannu a hankali, daga inda ya fi tudu zuwa inda ya fi gangare, kuma duk abin da ya hau kansa da shi yake tafiya. Ana gane hanyarsa ta auna zurfinsa a ramuka daban-daban. Na auna, na yi lissafi, na ja kibiya a kan taswira, ta nuna kwari. Na ba abokin aikina ya sake lissafin ban gaya masa dalili ba, tasa ma can ta nuna. Na taka tulin rairayin da muka tono na leƙa ta kan katanga. Dabinon da idona ya fara sauka a kai na Kawu ne.

Yarjejeniyarmu da banki a katangar depo ta tsaya. Na kira shugabanmu a waya na faɗa masa halin da ake ciki, har da cewa garkar gidanmu ce a ƙasa. Ya ce duba maƙwabta na cikin aikin, in ɗebi ruwan duk rijiyoyin da ke bakin tudu. Ya tambaya ko ya turo wani ya canje ni. Na ce a'a. Ban so baƙo ya tsaya a kan rijiyar nan da kwalba ba.

Da hantsi na gangara da kwalabe cikin akwatin ƙanƙara. Kawu na ban ruwa. Da ya gan ni ya kashe inji, ya shimfiɗa buhu a inuwar dabino, ya hura gawayi ya ɗora shayi. Tun zuwana bai samu zama da ni sosai ba, ya ɗauka hira na zo. Na je bakin rijiya na saki guga, na jawo, na kai hancina. Warin ba shi da ƙarfi, wanda bai sani ba zai iya wucewa, amma ni na kwana biyu ina shaƙarsa a kan tudu.

Na tambaye shi ko ruwan ya taɓa sauya masa a baki. Ya ce tun daminar bara Inna ke ƙorafin shayi na warin mota, shi kuma ya ɗauka injin ne ke ɗiga, har ya matsar da shi nesa da bakin rijiya. Na roƙe shi su dakata da shan ruwan, shi da gida duka, har sakamakon awo ya fito. Ya yi dariya.

"Uwata, da ruwan nan aka dama miki koko. Dube ki."

Ya tsiyaya shayin, ya miƙo mini kofin farko kamar yadda ya saba. Na karɓa da hannu biyu. Na riƙe shi har ya huce, na kasa kai shi baki, na kasa ajiyewa. A ƙarshe na ajiye a kan buhu. Ya dubi kofin, ya dube ni. Tun da nake ban taɓa mayar masa da abin da ya miƙo mini ba. Ya shanye nasa a hankali, ya tashi ya zagaya da ni sauran rijiyoyin, yana gaya wa masu su cewa aikin hukuma ne, su bar ni in ɗiba. Da yamma jakin ya koma gida da bido wayam, Inna ta aiki a sayo ruwa.

Muka koma Yamai da kwalaben. Da sakamako ya fito, rijiyoyi uku na bakin tudu sun kamu, ta Kawu ta fi, sauran kwarin lafiya lau. Abin da ke cikin ruwan ba ya kashe mutum yau ko gobe, sannu yake taruwa a jiki. Ban yarda in faɗa masa a waya ba. Na bar 'ya'yana wurin ubansu, na hau mota na yi doguwar tafiyar nan zuwa Gure, duk hanya ina shirya yadda zan fara, na iso ban shirya ba.

A garka na same shi, tsugune yana cire ciyawa. Na zauna a bakin fangali na faɗa masa duka, ban rage ba. Yana saurare hannunsa bai tsaya ba. Da na gama ya ce:

"To yaushe za ta warke?"

Na ce sai an tono tankunan, an kwashe baƙin rairayin, an kafa inji yana zuƙe gazuwal ɗin daga kan ruwa shekara da shekaru. Ko an yi duk wannan, rairayi ya riga ya sha, kaɗan-kaɗan zai riƙa saki. Ya ce in ba a yi ba fa. Na ce in ba a yi ba, ba a zamaninmu ba. Ya tambaya ko a yashe ta, kamar yadda ake yi in akuya ta faɗa. Na ce ba rijiyar ce ta ɓaci ba, ruwan da ke shigo mata ne. Ya ce to shuka fa, ita ma ba za a ba ta ba? Na ce abin da mutane za su ci, musamman ganyen da ake ci ɗanye, a'a.

Can na ji yana magana ƙasa-ƙasa da Barbarci, harshen da muke yi a cikin gida, amma ba da ni yake ba, sunan mahaifina na ji ya ambata. Da ya juyo gare ni, abin da ya tambaya shi ne ko Alhaji ya sani. Na ce tukuna, amma dole ya sani, don rahoton zai je banki, zai je wurin masu kula da muhalli.

"Ki je da kanki, kar ya ji a bakin 'ya'yansa," ya ce. "Ki bi shi a hankali."

Na samu Alhaji a zaure yana jan carbi. Na fara ta nesa, da zancen tsatsa, da yadda ƙarfe ke hujewa a ƙasa ba wanda zai iya gani daga sama. Ya katse ni, ya tambaya ina gazuwal ɗin ya tafi. Na faɗa masa. Ya ce har rijiyar amininsa? Na ce har ita.

"Ya sha?"

"Mun sha duka, Baba."

Ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska. Na zauna ina kallon tabarma, ban san ko in tashi ko in tsaya ba. Da na yi sallama zan fita na ji yana cewa, shekara nawa mutumin nan yana hawo masa da salati.

Na rubuta rahoton yadda ya kamata, har da matakan gyara. A raina ina da ɗan fata, don sau da yawa mai saye kan nemi ragi ya ɗauki nauyin gyaran, mun ga an yi haka a wasu wurare. Wannan karon ɗan kasuwar ya karanta, ya yi godiya, ya je ya sayi fili fetal a ɗaya gefen garin. Ban ga laifinsa ba. 'Ya'yan Alhaji kuwa ba su da ƙarfin tono ko tanki ɗaya. Masu kula da muhalli sun zo, sun zuƙe ragowar da ke cikin tankunan, sun rufe rijiyoyin uku da siminti, sun aika maganar sama. Iyakar abin da ke hannunsu ke nan. Ranar da aka rufe ta Kawu bai je garka ba, ya ce ƙafa ke masa ciwo.

Kafin a jima labari ya shiga kasuwa. Kayan kwarin duka suka samu suna, albasar gazuwal, har na mutanen da ba abin da ya samu rijiyoyinsu. Masu sari suka koma wasu wurare. Na sake zuwa Gure, na nemi a tara masu garka a farfajiyar meri, ofishin magajin gari, na tsaya gabansu na yi bayani da Hausa da Barbarci cewa rijiyoyi uku ne kawai, sauran an auna lafiyarsu lau, kuma za a ci gaba da aunawa. Wani dattijo da ya sha yanko mini rake ina yarinya ya miƙe ya ce shi bai san awo ba, abin da ya sani shi ne kafin in zo da ƙarafuna suna sayar da kayansu. Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Abin da ya faɗa kuwa haka yake. Kawu na can baya, bai tashi ba, daga zaune ya ce:

"Ba ita ta zuba ba. Gani ta yi."

Duk da haka ba wanda ya huce. Da aka watse, mutanen da na sani tun ina yawo ba takalmi suka bi ta gefena suna duban ƙasa.

Amma ba kasuwa ce ta fi ci mini rai ba. Tun ranar da na je wurin Alhaji, Kawu bai sake hawa tudun ba. Inna ta gaya mini in la'asar ta yi yakan wanke ƙafa ya sa hula kamar mai fita, sai ya zauna a ƙofar gida har magariba. Na tambaye shi a waya me ya hana shi. Ya ce in ya je Alhaji zai ɗauka ƙara ya kawo, ko kuma ya yi ta ba shi haƙuri, shi kuwa ba zai iya jin wannan daga bakinsa ba. Ya ce kuma da me zai hau, hannu wofi? Alhaji ma ya daina sa a kai shi bencin. 'Ya'yansa sun ɗauke gaisuwa da 'ya'yan Kawu, suna ganin mu muka kashe musu ciniki, amma shi tsohon kullum da safe sai ya turo amalanke da duro cike da ruwa ƙofar gidanmu, ba saƙo ba komai. Kawu kan sa a juye a randuna, ya ce wa mai amalanken a gaida mai gida. Duk wanda na kira cikin tsofaffin biyu sai ya tambaye ni lafiyar ɗayan, ni da ke Yamai, su kuwa kiran salla ɗaya suke ji. Na roƙi wannan, na roƙi wancan. Kowanne ya ce in Allah ya yarda, bayan Salla.

Alhaji ya rasu da sanyin shekarar, ba su haɗu ba. Kawu ya tsaya a sahun gaba, da aka kai maƙabarta ya ture samari ya shiga ramin da kansa ya karɓe shi. Ya dawo gida ya kwanta fuskarsa na bango, Inna ta kai abinci ta ɗauko yadda ta kai.

Bai saki garkar nan da nan ba. Ya sa aka gina sabuwar rijiya can ƙarshen filinsa, ta wajen tsakiyar kwari, inda na ce gazuwal bai kai ba. Ruwan ya fito da kanwa, dashen albasa ya ƙone tun yana ƙarami. Wani maƙwabci mai kirki ya ba shi aron ruwa ta dogon tiyo, amma rijiya ɗaya ba ta ɗaukar garka biyu da bazara, shi da kansa ya naɗe tiyon ya mayar masa. Dabino kaɗai suka tsaya kore. Na kai 'ya'yansu labo ba a samu komai a ciki ba, na gaya wa duk wanda zai saurara, duk da haka ba mai saye. Sai ya riƙa rabawa a unguwa, wasu su karɓa su yi godiya, in ya juya baya su zuba wa awaki. Ya sani, bai daina rabawa ba.

Babban ɗansa, yayana, yana noman hatsi da kiwo a wani ƙauye wajen Kelle. Da ya ga tsohon na ramewa, kullum yana zuwa garka ya zauna ba aikin yi, sai ya zo ya kwashe su shi da Inna. Kawu bai yi gardama ba, abin da ya ba kowa mamaki.

Na kai musu ziyara da farkon damina. Na same shi ƙarƙashin rumfar kara yana tukar igiyar kaba, jikinsa ya koma rabi. Ruwa ya yi jinkiri a shekarar, duk ƙauyen ido na sama. Ya ce mini shi duk tsawon rayuwarsa bai taɓa ɗaga kai neman ruwa ba, sunkuyawa yake yi, sai yanzu da tsufa ake koya masa kallon gajimare, har wuyansa na ciwo. Kamar wasa ya faɗa, na yi ƙoƙarin dariya.

Na gaya masa ina tunanin barin aikin in koma koyarwa. Bai ce in bari ba, bai ce kar in bari ba. Ya ci gaba da tukarsa, can ya tambaye ni da ban zo ba har yaushe za su yi ta sha. Na ce har sai wani ya kwanta, wataƙila cikin jikoki, don su jikinsu bai yi ƙwari ba. Ya tambaya an dai kai su likita an duba. Na ce an kai, ba a ga komai ba, kuma duk shekara zan sa a sake. Ya ce to madalla. Daga nan ya koma zancen 'ya'yana, wane ya shiga aji nawa, wace ta fara azumi. Da zan tafi ya rako ni har bakin mota yana dogara sanda. Ya ce in na bi ta Gure kar in wahalar da kaina da gangara kwari, ba abin gani. Wannan ne ganina da shi na ƙarshe.

Ya rasu bayan girbi. Ina wani aiki a yamma, wurin da waya ba ta kamawa, kafin saƙo ya same ni har an yi sadakar uku. Ba wata cuta aka samu ba, lokotoro ya ce tsufa ne. Inna ta ce abinci ya riƙa ragewa kaɗan-kaɗan har ya koma ba ya karɓar komai sai kunu.

Da aka zo rabon gado kowa ya karɓi nasa, sai garka ta rage. Ba mai saye, ba mai son nomawa. Ni ba magajiya ba ce, 'yar ƙanwa ba ta gado inda 'ya'ya suke, amma yayana ya ce sun yi shawara su bar ta a hannuna, tunda ni na san ciwonta. Na karɓa.

Ban bar aikin ba. Na sa an huda rami ɗaya a gindin tudu, daf da shingen garkar, aka yi masa murfin ƙarfe, duk shekara in na samu hutu nakan je in auna. Gazuwal ɗin na raguwa, amma da ƙyar ake gane bambancin bara da bana. Bai ƙetara zuwa sauran rijiyoyin ba. Masu sari sun soma dawowa, wasu masu garkar sun koma amsa gaisuwata, wasu ba su koma ba. Tankunan na nan binne. Na rubuta wa duk inda na san ana rubutawa, ina nan ina jira.

Zuwana na baya na tarar rairayin tudu ya gangaro ya binne fangalin sama, shingen ya faɗi ta gefe ɗaya, awakin wani na ciki suna kiwo. Na kore su, na ɗaga shingen na tokare da itace, na san ba zai kai wata ba. Inna ta dawo gidan Gure da zama tun bayan takaba. Na same ta a tsakar gida tana tsintar wake, ta tambaye ni me na gani. Na ce yana raguwa. Ta ce to, ta tashi ta zubo mini abinci.